Dalmar da Ta Maƙale a Bindigar Wendell

Akwai wani makiyayin shanu a nan yankinmu, gindin duwatsun Montana, ana ce masa Wendell Haugen. Ba rago ba ne, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Shingensa a tsaye yake, shanunsa da ƙiba, ciyawar lokacin sanyi kuma kafin ƙanƙara ta sauko ya gama tarawa. Abu ɗaya ne ya ɓata shi. Ya iya ɗura harsashi, kuma ya san ya iya.

Mu nan maza da yawa ba sa sayen harsashin kanti. Kowa da teburinsa a ɗakin ajiya. Ka tsince kwanson da ka harba, ka wanke, ka gyara masa baki, ka auna albarushi a ɗan sikeli ka ɗura, sannan ka dasa dalma a bakin kwanson ka matse. Kowace bindiga da abin da take so, kamar yaro da abinci. Sai ka yi ta gwaji, ka ƙara kaɗan, ka rage kaɗan, har ka gano wanda ya dace da taka.

Wendell ya kai wannan aiki inda ya wuce hankali. Matarsa Lorna za ta kira shi cin abinci har miya ta daskare, yana can yana tsintar ƙwayar albarushi ɗaya da ɗan hantsaki don sikeli ya daidaita.

A cikin bututun bindiga akwai tsage-tsage da ke murɗa dalma in za ta fita. Masu hankali kan nutsa dalmar cikin kwanso yadda za a sami ɗan rata tsakaninta da tsagin. Shi kuwa Wendell ya gano cewa in ya bar dalmar ta yi tsawo, har in ya rufe sakatar bindiga ta cusa kai cikin tsagin ta cije, to harbinsa ba ya kaucewa. Ya kuma sassauta riƙon da bakin kwanso ke yi mata. Sai ga shi yana harbi biyar a takarda, ka je ka duba ka ga rami ɗaya, wanda babban yatsa zai rufe.

Daga nan fa ba a ƙara jin kunne ba. Takardun nan ya manna su a bangon ɗakin cin abinci, kusa da hoton aurensu. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin an dafa takarda an ci ba.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, ƙanin Lorna mai suna Orval ya biyo su gida. Shi ma makiyayi ne, shi ma yana ɗura nasa, sai dai shi ba ya yi wa abin bauta. Wendell ya ja shi bayan rumbun ciyawa inda yake gwajin harbi.

"Zo ka ga aikin manya, ƙanena," in ji Wendell, yana kaɗa masa takarda a fuska. "Naka kuwa in aka duba, sai ka ce an watsa wa kaji hatsi."

Orval ya yi dariya. "Kajin nawa dai kowace shekara suna kawo nama gida."

"Da sa'a suke kawowa."

"To, sa'ar ma ai ana ci."

Orval ya ɗauki harsashi ɗaya daga akwatin, ya juya shi a tafin hannu. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Wen, wannan ai ya yi tsawo. Ka taɓa saka shi ka rufe, sannan ka buɗe ka fitar ba ka harba ba?"

"Ni in na sa harsashi, harba shi nake yi. Ba ado nake sa wa bindiga ba."

"A nan kan tebur, haka ne. A dutse fa? Gwada ɗaya yanzu mu gani, ga mu ga bindiga."

Wendell ya fizge harsashin daga hannunsa, ya goge shi da gefen riga kamar an shafa masa ƙazanta.

"Ka san wahalar da na sha a kan kowane ɗaya? In sa in fitar in ɓata masa zama, don in faranta wa mai harbin kaji rai? Ranar da ka yi rami ɗaya, zo ka koya mini."

Lorna ta leƙo daga ƙofar baya tana goge hannu. "Ku tsofaffin yaran nan, kofi zai huce. In ya huce kuma ba na sake ɗorawa."

Maganar ta tsaya nan. Orval ba mai jayayya ba ne.

Da kaka ta yi, aka buɗe farautar elk, manyan namun nan masu ƙaho kamar rassan itace. Ɗaya in ka samu, gidanka ya huta da sayen nama har bazara. Su ukun suka ɗaura wa dawaki sirdi, suka ɗora wa alfadari kaya, suka hau dutse. Suka kafa tanti a bakin wani rafi, suka ɗaure dabbobin a nan, don sama da wurin sai da ƙafa.

Da safe Lorna ta miƙa hannu za ta ɗauki bindigarta. Wendell ya ce, "Bar ta nan. Wa zai ɗauki wuƙaƙe da zarto da buhunan nama? Harbi ɗaya zan yi a gama. Ta Orval ma don kada ya ji kunya ne aka bar shi ya rataya."

Lorna ta dube shi, ta ajiye bindigar. Amma gwangwanin feshin barkono da ake ɗauka saboda beyar, ƙaton naman dajin nan mai kashe mutum, ta ɗaure shi a ƙirji.

"Miya za ki yi mana a can?" in ji Wendell.

"In ka yi surutu, kai zan fara yi wa."

Tsinken ƙarfen da ake zura wa bindiga a share ta kuwa, yana cikin jakar sirdi. Ba wanda ya tuna da shi. Wa ke ɗaukar tsinken shara ya hau dutse?

Rana ta ɗaga sosai kafin su hango namijin elk a ƙetaren wani kwari, yana tsaye a bakin kurmi. Nisan ya yi yawa. Orval ya raɗa cewa su matsa. Wendell bai ko dube shi ba. Ya kwanta rub da ciki a kan dusar ƙanƙara, ya ɗora bindiga a kan jakarsa, ya ja numfashi, ya taɓa kunama.

Naman ya durƙusa a inda yake, bai ko taka ba.

Gaskiya a faɗe ta, harbi ne mai kyau. Wendell ya ja sakata, kwanso ya yi tsalle, ya tura sabon harsashi ya rufe, kamar yadda kowa ke yi ko naman zai tashi. Sannan ya juyo yana washe baki.

"Ƙanena, ka gani ko in sake maka?"

"Na gani, sarkin harbi. Allah ya ƙara girma."

Suka gangara kwarin suka hau ɗaya ɓarin. Naman ƙato ne, mutum uku ba za su iya ɗaukarsa ba. Orval ya ce zai koma ya zagayo da dawaki da alfadari ta doguwar hanya, su kuma su fara fiɗa.

"Yaya Lorna, ku yi da jiki," in ji shi. "Kin san beyar na wurin nan. Ƙarar bindiga a kunnensu kiran abinci ne."

"Tafi kai dai," in ji Wendell. "In ya zo, ina da nasa a ciki."

Orval ya rataya bindigarsa ya bi gangara.

Mu nan akwai doka tun ta iyaye: ba a jingine bindiga da harsashi a ciki inda mutane ke aiki. Wendell bai taɓa karya wannan ba. Lorna ta durƙusa ta fara tsaga fata, shi kuma ya koma gefe ya ɗaga sakata don ya fitar da harsashin.

Sakatar ta ɗan yi tauri. Ya ƙara ƙarfi, ta taho.

Kwanso ya fito, bakinsa a buɗe, babu dalma. Albarushi ya zubo shar kamar yashi, ya cika cikin bindigar, ya gangara kan sauran harsasan da ke ƙasa. Dalmar tana can ciki, ta cije tsagin, ta toshe hanya.

Wendell ya tsaya yana kallon kwanson a hannunsa.

To, ku saurara da kyau, don nan ne wurin. A wannan lokaci Orval bai yi nisa ba. Ana ma hango jar hularsa tsakanin itatuwa. Kira ɗaya, da ya juyo da bindigarsa mai aiki. Wendell ya buɗe baki. Sai ya tuna fuskar Orval a bayan rumbu, ya tuna abin da za a yi ta faɗa a kantin abincin dabbobi har shekara ta zagayo.

Ya rufe bakinsa. Ya juya wa matarsa baya.

Ya busa albarushin, ya girgiza bindigar, ya buga gindinta a ƙasa. Dalma ba ta motsa ba. Ya tura wani harsashi, sakata ta ƙi rufuwa. Allah ne ya taimake shi da ta ƙi, don da ta rufu ya harba, da a fuskarsa za ta fashe. Ya karyo siririn reshe ya zura ta baki. Reshen ya lanƙwashe, ya ƙara dannawa, ya karye a ciki.

"Wen, zo ka riƙe mini ƙafar nan," in ji Lorna. "Me kake yi a can kamar mai neman ƙuma?"

"Ina zuwa."

Da ya ɗago, jar hular ta ɓace.

Ya jingine bindigar a jikin itace kamar lafiyarta ƙalau, ya zo ya kama ƙafar naman. Suka buɗe ciki, tururi ya tashi, ƙarnin jini ya bi iska ya shiga kurmi. Hankalin Wendell ba ya kan aikin, har wuƙa ta zame ta yanke shi a yatsa.

"Yau kuma lafiya?" in ji Lorna. "Ko daɗin harbin ne bai sake ka ba?"

"Sanyi ne. Yi sauri kawai."

Kowane motsin ganye sai ya waiga. Hankaki sun taru a kan itatuwa suna ta ihu suna jiran rabonsu, shi kuwa ihun nan ya fi masa komai daɗi. Yana yanka yana addu'a a ransa, irin addu'ar da bai taɓa yi a coci ba.

Sun cire cinya ɗaya sun sa a buhu, sai hankakin suka tashi gaba ɗaya. Wurin ya yi tsit.

Daga cikin kurmi aka ji reshe ya karye. Ba ƙaramin reshe ba.

Lorna ta daina yanka. Idonta yana kan wani abu a bayan mijinta. Ta yi magana a hankali, leɓenta kawai ke motsi.

"Wen. Kada ka juya da sauri. Miƙa hannu ka ɗauki bindiga."

Ya juya a hankali. Ƙaton namijin beyar ne, mai tozo a kafaɗa, gashinsa toka-toka. Ya fito daga itatuwa ta daidai hanyar da Orval ya bi, yana kaɗa kai hagu da dama, yana shaƙar iska. Bai yi gurnani ba. Haƙoransa kawai yake haɗawa, ƙas, ƙas, ƙas.

"Wen, bindiga."

"Lorna." Muryarsa ta fito kamar ta yaro. "Ba ta aiki."

"Me ka ce?"

"Dalma ta maƙale a ciki."

"Tun yaushe?"

Ta dube shi, ta dubi hanyar da ƙaninta ya bi, ta gane. Kallon da ta yi masa, ya ce daga baya, ya fi haƙoran beyar ɗin ciwo.

Amma Lorna ba macen ɓata lokaci ba ce. "Bar naman. Tashi a hankali. Baya-baya za mu yi, kada ka kalli idonsa, kada ka gudu."

Suka miƙe. Jini har gwiwar hannu, rigunansu duk ƙarni. A hancin beyar, su da naman duk abu ɗaya ne. Wendell ya jawo bindigar ta bututu, ya riƙe ta kamar sanda. Lorna ta zare gwangwanin daga ƙirji, tana ta magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin saniya.

"To, babba, naka ne. Mun bar maka. Ci abinka, mu tafiya za mu yi."

Iska ta juya, tana busowa daga wajen beyar ɗin zuwa fuskarsu. Lorna ta san in ta fesa yanzu, idonsu zai koma.

Suna ja da baya, yana matsowa. Ya iso kan naman, ya ɗora ƙafa ɗaya a kai, ya tsaya yana kallonsu. Wendell ya fara jin kamar za su tsira.

Sai diddigen Lorna ya sami dutse a ƙarƙashin ƙanƙara. Ta faɗi ta baya, gwangwanin ya kuɓuce ya gangara.

Beyar ya kwantar da kunne ya taho.

Wanda bai gani ba ba zai yarda abu mai wannan girma yana da wannan gudu ba. Wendell bai yi tunani ba. Ya yi ihu ya shiga tsakani, ya ɗaga bindigar da ya ƙare shekaru yana lallaɓawa, ya sauke ta a hancin dabbar. Ƙotar bindigar ta tsage biyu.

Mari ɗaya beyar ya yi masa, ya tsinci kansa a ƙasa, bakinsa cike da ƙanƙara. Ya kifa ciki, ya haɗa hannuwa a ƙeya kamar yadda aka koya wa kowane yaro a nan. Ya ji nauyi a bayansa kamar an jingina masa mota. Ya ji numfashi mai zafi da wari a kunnensa. Sannan haƙora suka kama hannunsa na dama da kafaɗa, aka ɗaga shi aka girgiza kamar tsumma. Ya ji ƙashi yana karyewa, ya san nasa ne.

Lorna da rarrafe ta kai ga gwangwanin. Ba ta fesa daga nesa ba. Ta zagaya ta inda iska ke bayanta, ta matso har tana iya taɓa gashin dabbar, sannan ta danna masa a ido da hanci, ba ta saki ba sai da gwangwanin ya ƙare.

Beyar ya saki Wendell ya yi wata ƙara, ya ja baya yana goga fuska a ƙanƙara. Bai gudu ba. Ya koma kan naman yana tari, yana huci, ya kwanta a kai.

"Kada ka yi kuka," Lorna ta raɗa a kunnen mijinta. Idonta ita ma yana zubar da ruwa saboda barkonon. "Ko ƙashinka zai fita, kada ka yi sauti. Babu saura a gwangwanin."

Ta cire ɗamararta ta ɗaure masa hannu sama da raunin, ta ja da haƙori. Ta kama wuyan rigarsa, shi yana tura ƙasa da ƙafa, ita tana ja. Haka suka bar wurin da jan ciki, suna jin ƙarar ƙashin elk a bakin beyar a bayansu. Duk sanda ƙarar ta tsaya, su ma sai su tsaya, su kwanta kamar gawa, har ta ci gaba.

A ƙasan kwari Orval ya same su, dawaki suna ta tirjiya saboda warin da ke jikin su biyun. Ya diro daga sirdi, fuskarsa ta yi fari fat.

"Ya Ubangiji! Yaya, ina bindigar? Ban ji harbi ba!"

"Ɗora shi a kan alfadari," in ji Lorna. "Tambaya sai an isa."

Likitoci sun ceci ransa, sun kuma bar masa hannun a jikinsa. Sai dai jijiyoyin sun tafi.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, Orval ya hau dutsen ya tsinto abin da ya rage na bindigar. Ya kawo ta gida ya sami Wendell zaune a baranda, hannun dama a kan cinya. Orval ya zaro guntun reshen da ɗan ƙugiya, ya zura tsinken shara ta baki, ya ɗan buga da tafin hannu sau ɗaya. Bugun da jaririn da ke koyon tafi zai iya.

Dalmar ta faɗo kan katako, ta gangara ta tsaya a gaban takalmin Wendell.

Ya sunkuya ya kai hannun dama zai ɗauka. Yatsun suka taɓa ta, suka ƙi rufuwa. Ya sake gwadawa. Suka ƙi.

Lorna ta ajiye kwandon wanki, ta ɗauki dalmar, ta buɗe tafin hannunsa na hagu ta saka masa.

"Riƙe da wannan," ta ce. "Da shi za ka koyi komai yanzu. Gobe akwai ba shanu ciyawa."

Darasi: Duk abin da ka haɗa da hannunka, gwada shi yadda za ka yi aiki da shi a ranar wuya, kada ka tsaya inda yake ba ka sha'awa. In wanda ka raina ya ce duba nan, duba, ba abin da zai ragu a jikinka. In kuma abu ya lalace a hannunka alhali ran wani yana jingine da kai, buɗe baki ka faɗa tun mai taimako yana jin kira. Kunya ta yini ɗaya ce, hannu kuwa ba ya tsirowa. Ku tura wa duk wani mai taurin kai da kuka sani, musamman wanda ya iya aikinsa, don su ne ba sa jin magana.